Me Ya Sa Gilashin Tabarau Ɗaya Ya Fi Ɗaya Kauri?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, tela a Funtuwa, ya rubuto yana cewa: An gwada mini ido an ba ni tabarau, sai na ga gilashin hagu ya fi na dama kauri. Idan na dubi nesa ina gani tangaran, amma da na duƙufa a kan keke sai jiri ya ɗebe ni, zare ya koma biyu. Shin kuskure aka yi wajen yankan gilashin? In jefar in sayi na kasuwa?

AMSA: To, malam tela, kada ka jefar tukuna. Ba lalle ne kuskure aka yi ba. Ba dole ƙarfin idanu biyu ya zo ɗaya ba, kuma kowane ido da nasa gilashin. Ana auna ƙarfin gilashi da wani ma'auni da ake kira diyofta, shi ne lambobin nan da ke takardar da aka ba ka. Mutane da yawa suna da bambancin rubu'i ko rabin diyofta ba su ma sani ba. Mu ɗauka naka idon dama -1.00 ne, na hagu kuma -4.00. Bambancin ya kai 3 ke nan, daga nan kuwa ake fara jin jiki.

Matsalar farko ta girma ce. Gilashi mai alamar ɗebewa yana ƙanƙanta abu, mai alamar tarawa yana girmama shi. Kowane diyofta guda na bambanci yakan sa hoton ido ɗaya ya fi na ɗayan da kamar kashi 1 da rabi cikin 100. Aikin ƙwaƙwalwa ne ta haɗa hotunan nan biyu su zama ɗaya. In bambancin kaɗan ne takan haɗa ba wahala, in ya doshi kashi 5 cikin 100 sai ta fara gazawa, sai ciwon kai da jiri.

Amma ni a ganina ta biyun ce ta fi damun ka, tunda ka ce sai ka duƙufa. Kowane gilashi yana da cibiya. In ka duba ta cibiyar, abu yana nan inda yake. In ka karkata ido ka duba ta sama ko ta ƙasa da ita, gilashin zai gusar da abin, kuma mai ƙarfi ya fi gusarwa. Wani masani a Amurka, Charles Prentice, ya fitar da lissafin a 1890, har yau da shi ake aiki: a ninka nisan da ido ya yi daga cibiya, da santimita, sau ƙarfin gilashin. To in ka sauke idanunka santimita 1 ƙasa da cibiya, abin da ke nesa da kai mita 1 zai goce da santimita 1 a idon dama, ya goce da 4 a na hagu. Su kuwa idanu, sun iya daidaita bambanci na gefe da gefe, amma na sama da ƙasa ba su iya jurewa sai ɗan kaɗan. Ka ji inda zarenka ya zama biyu.

Sai magani. Fara da wanda ba ya cin ko kwabo: sunkuyar da kai gaba ɗaya maimakon sauke idanu kawai, don ka riƙa duba ta cibiya. Ka kuma daure ka sa shi kullum na kamar mako biyu, domin sa yau cire gobe ba ya barin ƙwaƙwalwa ta saba. In abin bai lafa ba, koma wurin da aka yi maka, su duba ko cibiyar kowane gilashi tana daidai da ƙwayar idonka. Ƙaramin firam da ke zama kusa da ido ya fi maka manyan nan na yayi. Ana iya yi maka na aiki daban, a sauke cibiyarsa ƙasa. Ga babba irinka, likita yakan ɗan rage ƙarfin gilashi mai kaurin, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Akwai kuma ɗan siririn gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido. Shi yana bin ido duk inda ya juya, saboda haka matsalar gocewa ba ta tasowa, sai dai yana son tsabta ƙwarai, ga kuma ƙurar hunturu irin tamu.

Na kasuwa fa? Araha ba ta ado. Ƙarfin gilasansa biyu ɗaya ne, yawanci kuma na karatu ne masu alamar tarawa. Bai san idonka na hagu daban yake ba.

Bari mu ƙara da abu biyu don amfanin sauran masu sauraro. Wanda aka cire wa yana a ido ɗaya ba a dasa masa gilashi a ciki ba, ko wanda masu allurar gargajiya suka tura wa yanar ciki, idon zai nemi gilashi mai ƙarfin kamar +10, wanda ke girmama abu da kusan rubu'i. Ba ƙwaƙwalwar da za ta haɗa wannan da hoton lafiyayyen ido. Shi ya sa ake dasa ɗan gilashin roba a cikin ido, aikin da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949.

Na biyu, yara. Yaro ba zai yi kuka ba, don ido mai kyau yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ƙwaƙwalwa kuma sai ta yi watsi da mai raunin. In an wuce shekara 7 zuwa 8 a haka, gyara yakan yi wuya ko da an kawo tabarau. Shi yaro ana ba shi cikakken ƙarfin gilashinsa, yana kuwa saba wa fiye da babba, wani lokaci a riƙa rufe ido mai kyaun na wasu sa'o'i don ɗayan ya yi aiki. Iyaye, ku rufe wa yaro ido ɗaya da tafin hannu ku nuna masa wani abu daga nesa, sannan ku sauya. In ya gani da ɗaya ya kasa da ɗaya, a kai shi asibitin ido a makon nan.