Idan Kwamfuta Ta Sandare

Likita ba ya ba da magani sai ya ji bayanin ciwo, haka ma masu gyaran Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Helsinki cikin 1991. Zuciyarta, wato kanel, tana rubuta abin da ya same ta a wani ɗan ma'aji cikin ƙwaƙwalwar na'ura, umarnin dmesg kuwa shi ke fito da shi.

Sai dai sabon saƙo yana shafe tsoho, kuma da an kashe wuta shaida ta tafi. Saboda haka kada mai karatu ya yi gaggawar kashewa. Ya ɗauki hoton allo tukuna, sannan ya aika wa masu gyara tare da lambar kanel ɗin, wadda umarnin uname -r ke nunawa.