Mai POS Ya Yi Abin da eNaira Ta Kasa

Da an ambaci fasahar da ke sauya duniya, hankali kan tafi ga ƙirƙirarriyar basira da kuɗin kirifto. Amma a Najeriya, sauyin da ya fi taɓa aljihun talaka a 'yan shekarun nan yana zaune ne ƙarƙashin laima a bakin titi, riƙe da 'yar na'urar POS. A ranar 25 ga Oktoba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, irinsa na farko a Afirka. Ga ƙarfin gwamnati, ga talla, amma a 2023 wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna yawancin asusun da aka buɗe a ajiye kawai suke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da farko sai mai asusun banki da babbar waya ke iya shiga, wato an kai tallar ruwa bakin kogi.

Kenya ta riga ta nuna wata hanyar tun 2007, lokacin da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa. Ƙaramar waya ta wadatar, kuma ginshiƙin tsarin shi ne mai shagon unguwa da ke karɓar tsabar kuɗi ya tura, ko ya biya wanda aka turo wa. Wannan sawun kamfanonin OPay da PalmPay da Moniepoint suka bi a Najeriya. Sun gane cewa mai sayen hatsi a Dawanau ko mai saida shanu a Maigatari yana neman abu biyu ne, kuɗi su isa nan take, kuma a samu mutumin da za a riƙe idan ba su isa ba. Mai POS ɗan unguwa ne, an san gidansu, yana jin yaren abokin cinikinsa, ba ya tashi ƙarfe huɗu kamar banki. A ganina wannan amanar ce ainihin jarin, na'urar kuwa ta biyo baya.

Wasu za su ce wahala ce ta tura mutane. Da gaskiyarsu. Canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 da Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar a Oktoba 2022 ya jefa jama'a cikin ƙuncin da ya sa jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a Maris 2023 ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. A watannin nan wasu masu POS ma sun tsawwala caji, abin da ba shi da uzuri. Sai dai wahalar ta samu eNaira da manhajojin manyan bankuna a fili ɗaya da sabbin kamfanonin, kuma jama'a suka koma inda tiransifa ke wucewa. Bayan tsabar kuɗi ta dawo, mai shayi da mai nama ba su cire lambar asusun da suka manna a teburinsu ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na damfara da rauni. Alat na bogi yana cin 'yan kasuwa, kuma a 2024 Babban Banki ya dakatar da wasu daga cikin kamfanonin nan daga ɗaukar sabbin abokan hulɗa na 'yan makonni, har sai sun gyara yadda suke tantance mutane. Wannan sa ido daidai ne, ya kamata ma ya ƙaru. Abin da ya fi damuna shi ne sabis. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, harkar POS ta tsaya cak, mutane suka riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi don su kira waya ko su ciri kuɗi. Har yanzu akwai ƙauyukan da ba turken sadarwa, ba lantarkin cajin waya, kuma can ne reshen banki ya fi nisa.