Adon Ɗawisu: Asalin Kyau Tsakanin Kimiyya da Fasaha

1.0 Gabatarwa

Ɗawisu, wanda Hausawa kan kira tsuntsun Makka, asalinsa daga Indiya ne da Siri Lanka. Namijin ne ke da doguwar jela mai ɗigo-ɗigo kamar idanu, macen kuwa ba ta da wani ado na a zo a gani. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda irin wannan kyau ya samu, da dangantakarsa da fasahar ɗan Adam.

2.0 Ra'ayoyin Masana

A 1859 Charles Darwin ya bayyana cewa siffar da ke taimaka wa halitta ta rayu ita ke ɗorewa a cikin zuriya. To amma jelar ɗawisu kaya ce, ga nauyi ga jawo idon maƙiyi. A littafinsa na 1871 sai ya kawo wata hanya ta biyu, watau zaɓen abokin barbara. Macen kan zaɓi namijin da ya fi burge ta, 'ya'yansa su gaji adonsa, a haka ado ke ƙaruwa zuriya bayan zuriya. Alfred Wallace bai yarda tsuntsuwa tana zaɓe don kyau kawai ba. A 1930 Ronald Fisher ya nuna cewa adon namiji da sha'awar mace tare ake gadonsu, kowanne yana ingiza ɗan'uwansa. Shi kuwa Amotz Zahavi, a 1975, cewa ya yi nauyin adon shi ne shaida, domin sai lafiyayye ke iya ɗaukarsa.

An jarraba maganar Darwin a Kenya, inda Malte Andersson ya yi nazarin wani tsuntsu mai doguwar jela irin ta zalaiɗu, ya buga sakamakon a 1982. Ya datse jelar wasu mazan, ya liƙa wa waɗansu abin da ya datsa. Waɗanda aka ƙara wa tsawo su suka fi samun mata masu yin sheƙa a yankinsu.

3.0 Dangantaka da Fasaha

A Ostireliya akwai tsuntsun da namijinsa kan gina 'yar rumfa da tsinkaye, ya jera shuɗɗan abubuwa a bakinta. Ba sheƙa ba ce, ba a yin ƙwai a ciki. Macen takan zaga rumfuna, ta duba, ta zaɓa. A nan ga mai ƙira, ga abin da ya ƙera, ga mai tantancewa, kamar dai makaɗi da waƙarsa da masu sauraro. Daga irin wannan ne Richard Prum, a 2017, ya ce fasaha da masu yaba ta tare suke bunƙasa.

Bugu da ƙari, mutum kan ari adon tsuntsu. Takalman gashin jimina na Sarkin Kano misali ne, kuma namijin jimina ne mai baƙin gashi da fari, macen ruwan ƙasa ce.

4.0 Kammalawa

Har yanzu masana ba su daddale ba, ko kyau shaidar inganci ne, ko kuwa sha'awa ce tsagwaronta. Wannan ita ce tambayar da ke gaban manazarcin adabi idan ya zo auna waƙa: saƙonta zai yaba, ko daɗinta a kunne?