Gishirin da Ba Ya Daskarewa: Awon Motsin Ƙwayoyinsa da Dangantakarsa da Albarkatun Kudancin Katsina

Gabatarwa

A Hausa, idan aka ce "ruwan gishiri", ana nufin ruwan da aka jiƙa gishiri a ciki. Wannan maƙala tana magana ne a kan wani abu daban: gishirin da shi kansa ruwa-ruwa yake, ba tare da an zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Gishirin miya ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, amma wannan nau'i yana narkewa ƙasa da digiri 100. A shekarar 1914 Paul Walden ya bayyana wani daga cikinsu mai narkewa a digiri 12. A nan za a kira shi "gishiri mai malala".

Yadda Ake Awon

Ƙwayoyin wannan gishiri iri biyu ne, masu caji mai kishiyantar juna, kuma kullum cikin juyi da tafiya suke. Ido ba ya ganinsu, don haka ake amfani da dabarar NMR, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka samu lambar Nobel a kanta a 1952. Cibiyar ƙwayar zarrar haidirojin tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu ce. Idan aka sanya samfuri cikin babban maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4, aka harba masa igiyar rediyo mai megahaz 400, cibiyoyin sukan karkata, sannan su mayar da amo yayin komawa yadda suke. Tsawon lokacin komawar ne ke nuna saurin juyin ƙwayoyin.

Tafiyarsu kuwa ana auna ta da hanyar da Stejskal da Tanner suka fitar a 1965. Ana yi wa ƙwayoyin shaida da ƙarfin maganaɗisu mai bambanta daga wuri zuwa wuri, a ɗan dakata, a sake dubawa. Gwargwadon nisan da suka yi, gwargwadon raunin amon. Da haka aka gano cewa ƙwayoyin da dama daga cikin waɗannan gishirai sun fi na ruwa nawa kusan sau ɗari.

Abin da Ya Shafi Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Yankin nan ya shahara da noman auduga da masara. Jigon auduga da kara shi ne sinadarin selulos, wanda ruwa ba ya narkar da shi. A 2002 ayarin Robin Rogers na Jami'ar Alabama a Amurka ya nuna cewa gishiri mai malala yana narkar da shi, daga baya NMR ta tabbatar da cewa ƙwayoyin kuloraid ne ke kwance ɗaurin da ya haɗa zarurrukansa. Matsalar ita ce kauri: idan ƙwayoyi suka yi nawa, narkarwa takan ci lokaci da makamashi, kuɗi ya ƙaru. Awon motsi shi ke nuna gishirin da ya dace a mayar da ragowar auduga zare mai daraja.

Haka nan farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka daɗe suna nazari. Falle-falle take, kuma masana sun yi nasarar cusa irin wannan gishiri tsakanin fallayen farar ƙasa, suka bi diddiginsa da NMR.

Kammalawa

Manomi da mahaƙi suna sayar da kayansu ɗanye saboda ilimin sarrafawa yana kulle cikin harshen da ba nasu ba. Ƙirƙirar kalmomin da za su bambance jiƙawa da narkewa, juyi da tafiya, aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa tare da masana kimiyyar sinadarai.