Gani Ya Kori Ji: Yadda Amurka Ta Sa Wa Meksiko Ido

Sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki ba wuya. Tabbatar da abokin hulɗa yana cika alkawari shi ne mai cin kuɗi. Ƙungiyoyin ƙwadago na Amurka sun daɗe suna kukan cewa yarjejeniyar NAFTA ta 1994 ta sa masana'antu ƙaura zuwa Meksiko saboda arhar ma'aikata.

Don haka kafin sabuwar yarjejeniyar Amurka da Meksiko da Kanada ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2020, Majalisar Dokokin Amurka ta ware wa Ma'aikatar Ƙwadago dala miliyan 210. Miliyan 180 na taimaka wa Meksiko ne ta gyara harkokin ƙwadagonta, miliyan 30 kuwa na sa ido, har da tura jami'ai su zauna can.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A 2021 Amurka ta kai kuka kan tauye haƙƙin ma'aikata a masana'antar motoci ta General Motors da ke Silao. Aka sake jefa ƙuri'a, ma'aikata suka yi watsi da tsohuwar kwangilarsu. A 2022 suka zaɓi ƙungiya mai zaman kanta, wadda ta samo musu ƙarin albashi na kashi 8.5 cikin ɗari.