Masu keke sun roƙi kwalta, yanzu suna gudun ta

A shekarar 1880, masu hawan keke a Amurka sun kafa ƙungiya a garin Newport, suka ba ta suna League of American Wheelmen. Babban kukansu a lokacin shi ne rashin hanya. Da zarar mutum ya bar gari, sai taɓo da damina, sai ƙura da rani. Suka yi ta matsa wa 'yan majalisa lamba, suna buga mujalla, suna lallashin manoma su mara musu baya, har gwamnatin tarayya ta buɗe ofishin binciken hanyoyi a 1893. Daga baya hanyoyin suka samu. Amma kafin masu keke su gama morewa, mota ta iso ta mamaye su, aka tura mai keke can gefen titi yana tafiya yana waiwaye.

Yau jikokinsu sun juya baya. Cikin shekaru ashirin da suka wuce, wani salon hawan keke ya bunƙasa a Amurka da Turai, inda mutane ke barin kwalta da gangan, su nemi burji da hanyar tsakuwa da ke ratsa gonaki da makiyaya. Dalilin farko a fili yake: tsoron mota. A 2022 kaɗai, masu keke fiye da dubu ɗaya ne suka mutu a haɗurran hanya a Amurka. Motoci sun ƙara girma, direbobi kuma ido a waya. A gefe guda, ƙasar tana da hanyoyin da ba a zuba wa kwalta ba da tsawonsu ya haura mil miliyan ɗaya, galibi a jihohin noma irin su Iowa da Kansas da Nebraska. A can mutum kan yi awa guda bai gamu da komai ba sai tarakta ɗaya da shanu.

Cibiyar wannan harka wani ƙaramin gari ne mai suna Emporia a jihar Kansas, wanda mazaunansa ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba. A 2006, Jim Cummins da Joel Dyke suka shirya tseren mil 200, wato kimanin kilomita 320, mutum 34 kacal suka fito. Yanzu dubbai ke hallara duk farkon bazararsu, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu gurbi. Sunan tseren na asali Dirty Kanza, amma a 2020 aka sauya shi zuwa Unbound Gravel saboda ƙorafin cewa tsohon sunan cin fuska ne ga ƙabilar Kaw, 'yan asalin yankin.

Abin da ya bambanta wurin shi ne ƙasarsa. Tuddan Flint Hills da tseren ke ratsawa dutse ne a kusa da sama, garma ba ta shiga, shi ya sa manoman farko suka bar su ga makiyaya, ciyawar daji ta tsira har yau. Duwatsun kuwa irin waɗanda ake ƙyasta wuta da su ne, kaifinsu kan tsaga taya daga gefe. Wanda abin ya faɗa wa, shi zai durƙusa a bakin hanya ya yi facinsa da hannunsa, domin ƙa'ida ta hana a bi ɗan tsere da motar agaji. Taimako sai a wuraren da aka ware. Idan kuma an yi ruwa, laka takan liƙe tsakanin taya da jikin keke har ƙafar ta ƙi juyawa. Haka ta faru a 2023, tun kafin a yi nisa: mutane suka sauko suna saɓa kekunansu a kafaɗa, suna ƙwaƙule laka da 'yan sanduna. Shekara ta gaba da hanya ta bushe, Lachlan Morton ɗan Ostareliya ya cinye mil 200 ɗin cikin awa 9 da minti 11 da 'yan daƙiƙu.

Shi keken kansa, idan ka hange shi daga nesa, sai ka ɗauka na tseren kwalta ne, saboda lanƙwasasshen kansa. Bambancin yana ga taya. Na kwalta a da faɗin tayarsa milimita 23 ne, a cika ta da iska tam kamar dutse. Na tsakuwa kuwa yakan kai milimita 40 zuwa 50, iskarsa kuma ba ta kai rabin ta wancan ba. An daɗe ana zaton siririyar taya mai tauri ta fi gudu, sai gwaje-gwaje suka nuna cewa a kan gargada akasin haka ne. Taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane dutse, ƙarfin mahayi ya tafi a girgizar jikinsa, ita kuwa mai taushi lanƙwasawa take ta haɗiye dutsen ta wuce. Yawancinsu ma ba su da roba ta ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa a cikin tayar, idan ƙaya ta huda, iska ta turo ruwan zuwa ramin ya daskare ya toshe shi, sau da yawa mahayin bai ma sani ba. Burkin faifai irin na babur shi ya ba da damar faɗaɗa tayar, tun da ba a buƙatar burkin da ke matse bakin ƙafa.

A nan dole mai karatu na Kano ko Maraɗi ya yi murmushi. Manomin da ya ɗaure buhun gero a bayan kekensa Raleigh ya bi burji zuwa kasuwar ƙauye ya riga su sanin daɗin faffaɗar taya, kuma ba wanda ya ba shi lambar yabo. Su ma Turawan ba sabon abu suka ƙirƙiro ba: tun 1955 akwai ƙungiyar Rough Stuff Fellowship a Ingila, masu bin hanyoyin duwatsu da kekuna na gama-gari. Kamfanoni ne suka zo daga baya suka raɗa wa abin suna, suka sa masa farashi.

A ganina labarin Italiya ya fi na Amurka armashi. A yankin Tuscany akwai fararen hanyoyi na tsakuwa da ke ratsa gonakin inabi da zaitun, waɗanda ake ta binnewa da kwalta da sunan ci gaba. A 1997, Giancarlo Brocci ya tara mahaya 92 a ƙauyen Gaiole, suka fara taron hawan keke na L'Eroica, da niyyar nuna cewa waɗannan hanyoyi dukiya ce. Sharaɗin shiga shi ne tsohon keke na ƙarfe, ƙirar 1987 ko kafin nan. Abin ya karɓu har ya haifi tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda ke ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na birnin Siena. Fabian Cancellara ya lashe shi sau uku, aka sa wa wani yanki na hanyar sunansa. Ƙauyukan da a da suke jin kunyar ƙurarsu, yanzu da ita suke cin abinci, domin baƙi na zuwa daga ko'ina su kama ɗaki, su ci, su sha.

Akwai kuma hanyoyin da doka ta haramta wa mota gaba ɗaya, yawanci tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu aka zuba dakakken dutse. Katy Trail a jihar Missouri ta kai kusan mil 240. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, hanyar shimfiɗe take, tsoho da yaro duk suna iya bi.

Sai dai shigowar kuɗi cikin harkar ta sauya mata fuska. Kamfanin Life Time ya sayi tseren Emporia a 2018. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara gasar zakarun duniya ta tsakuwa a 2022 a yankin Veneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch da Pauline Ferrand-Prévot suka yi nasara. Tsofaffin 'yan harka suna gunaguni cewa an zo da ƙwararru masu albashi da makanikai, an kori zumuncin da ya sa a da ake tsayawa a taimaki wanda tayarsa ta fashe ko da abokin hamayya ne. Suna da gaskiya, ko da yake mafi yawan masu hawa ba ruwansu da tsere. Ranar hutu suke fita su shaƙi iska.

Afirka ma ta shigo. A 2021 aka fara Migration Gravel Race a yankin Maasai Mara na Kenya, tseren kwana huɗu a kan jar ƙasa da duwatsu, ana kwana a tantuna. Manufarsa ita ce a kawo manyan 'yan tseren duniya su kara da matasan Kenya da Uganda da Ruwanda a gida, tun da biza da kuɗin jirgi sukan hana waɗannan matasa zuwa Turai. Sule Kangangi, jagoran ƙungiyar waɗannan matasa mai suna Team Amani, ya rasu a watan Agustan 2022 sakamakon faɗuwa a wani tseren tsakuwa a jihar Vermont ta Amurka. Ƙungiyar ta ci gaba, 'yan wasanta kuma suna fitowa a manyan tserukan Amurka da Turai.