Abin Da Ke Cikin Jinin Jemage

Kowa ya san jemage, mai kwana kai ƙasa a kan itatuwan mangwaro da cikin rufin tsofaffin soraye. Abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, idan aka ɗebi ɗigon jininsa aka duba da madubin likita, sau da yawa a kan tarar da waɗansu ƙananan halittu masu rai suna zaune a ciki, dangin ƙwayoyin da ke kawo wa mutum zazzaɓin cizon sauro.

Wani likita na ƙasar Italiya, Dionisi, shi ya fara bayyana su wajen shekarar 1899, a jinin jemagun ƙasarsu. Amma a ƙasashe masu zafi ne aka fi samun irinsu daban-daban. A 1926 Rodhain ya ga wani iri a jemagu masu shan 'ya'yan itace na Kwango. A 1953 Garnham da Heisch suka bayyana wani a Kenya. A 1964 kuwa aka sami wani a Gana, aka raɗa masa suna Plasmodium voltaicum, watau na yankin Bolta.

Wannan na Gana shi ya fi ba da mamaki. A 2013 masana suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan jemagun Gini da Laberiya da Kwaddebuwa, suka nuna cewa ɗan'uwa ne na kusa ga ƙwayar zazzaɓin ɓerayen daji da aka gano a Kwango a 1948. To, ita wannan ƙwaya ta ɓera da ita a ke gwada sababbin magungunan zazzaɓi a ɗakunan bincike kafin a kai ga mutum. Ashe jemagen da yara ke jifa da dutse yana da abin da zai koya wa likitoci.

Sai dai kada malamin makaranta ya karanta wannan ya sa a sare itacen da jemagu ke kwana. Zazzaɓinmu sauro ne ke ɗauko shi daga jinin mutum ya kai wa mutum. Irin da Dionisi ya gani ma ba sauro ke yaɗa shi ba, wani ɗan ƙwaro ne marar fiffike da ke zaune cikin gashin jemagen, daga wannan jemage ya koma wancan.

Inda jemage ya yi ɓarna ta ainihi a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Can akwai wani iri mai shan jini, wanda babu shi a Afirka ko kaɗan. Da dare ya kan sauka kan doki ko saniya, ya tsaga fata da haƙora ya lashi jini. In dabbar tana da ƙwayar nan dangin sammore, wadda a ƙasashenmu bobuwa ke yaɗa ta tsakanin raƙuma, sai ta shiga jikin jemagen ta hayayyafa, gobe ya kai wa wani doki. A Fanama aka tabbatar da haka a 1932, bayan cutar ta daɗe tana kashe dawaki da alfadarai a ƙasar.